Duro Marar Suna

Ni ne mai haɗa sabulun ruwa a Bolari,
shagona na kallon bakin kwari.
Shekara goma sha ɗaya ina juya muciya a shuɗiyar roba,
hancina ne ma'aunina,
idona ya san kaurin da ke dawo da matan unguwa.

Ran wata Laraba Alhaji Manu ya sauke duro shida
daga motar da ta kwana huɗu a hanyar Ikko.
Biyar da rubutu a jikinsu, na shida tsirara.
Ko ruwa ne ya cinye takardarsa a tashar jirgi,
ko wani ne ya kankare, Allah masani.
Ya ce, "Duk ɗaya ne, uwa guda ta haife su."
Na yarda, don ya rage mini dubu uku.

Gidado ne ya buɗe shi.
Gidado, ɗan ƙanwata,
mai rubutun hannu kamar zanen ƙwarya,
wanda ke riƙe mini littafin bashi.
Murfin ya yi huci kamar gamsheƙa, ya yi tsartuwa.
Ban ga komai ba, ihun na ji.

A asibiti likita ya ce, "Mene ne ya zubo masa?"
Na buɗe baki, babu suna a ciki.
Na kira Alhaji, ya kira wani a Ikko,
wancan ya kira wani a ƙetaren teku,
waya ta yi ta kuka a ɗakin da babu kowa.
Likita na jira, fatar yaro ba ta jira.

Bayan wata biyu sai ga Malama Saratu daga hukuma,
da safar hannu, da fom mai shafi tara.
Wa ya ƙera? Wa ya shigo da shi? Ta wace ƙofa?
Ina lambar rajista? Yaushe ƙarfinsa zai mutu?
In ya faɗa ido, da me za a wanke?
Dauɗarsa fa, kwari kake zubawa?
Na yi shiru, don kwari nake zubawa,
kuma a can ƙasa akwai masu lambun alayyafo.

Na ce, "Malama, ni ba kamfani ba ne,
roba uku ce da muciya."
Ta ce, "Wuta ba ta tambayar girman bukka."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba.
Kuɗin rajista ya lashe ribar wata biyu.
Sau uku ina hawa Keke zuwa ofis,
wani akawu ya koro ni saboda hoto ɗaya.
Manya masu kwantena suna da lauya,
ni kuwa sai ƙafa da haƙuri.
Har yau ina ganin shafi tara ya yi yawa,
huɗu ma sun isa.

Amma jiya Alhaji ya dawo da wani marar riga,
ya ce zai rage dubu biyar.
Na dubi duron, na dubi benci.
Na ce, "Kawo takardarsa, in san ubansa."
Ya yi dariya, ya ce na zama ɗan boko.
Ya mirgina abinsa zuwa shagon gaba.

Tsohon duron nan yana bayan shago,
an ɗaure shi da jan ƙyalle, an ce za a zo ɗauka.
Damina ta wuce, ba a zo ba.
Na kewaye shi da bulo saboda awaki.

Gidado yana kan benci yanzu,
yatsu uku na dama sun manne wuri guda.
Da hagu yake rubuta takardun galan,
harafi na karkata kamar mai ɗingishi:
sunan abin da ke ciki,
ranar da aka haɗa,
kada a bari yara su taɓa.
A ƙasa, lambar wayata,
wadda in an kira, zan ɗauka.